Yadda Duba-gari Ya Nemo wa Bajimi Muryarsa

Da sunan Wanda ya hore wa ɗan Adam ƙarfe, ya ɓoye wuta a cikin ruwan da ake kira fetur. Bayan haka, ku gyara zama, ya ku ma'abota sauraro, ga labarin gwarzon gwaraza, sadaukin Tudun Maƙera ta Malumfashi, Malam Badamasi Duba-gari mai ritaya, ɗan Jatau mai awon auduga, ɗan Barmo mai gyaran fitilar ƙwai, ɗan Nomau wanda masu ruwaya suka tabbatar ya taɓa korar kura da marfin tukunya, ko da yake wasu malaman tarihi na ganin karen maƙwabta ne. Dodon randa, mai leƙa tulu da idon hukuma! Na Hansai, firgitar kwatami! Namijin da tsutsar ruwa ke jin sunansa ta nutse!

Shi wannan sadauki yana da abin hawa, wani baƙin babur mai nauyin saniya, wanda ya girmi rabin mutanen unguwar. Sunansa Bajimi. A zamanin ƙuruciyar daula, in Malam ya buga masa kik da hantsi zai fita duba tsaftar gidaje, muryar da ke fitowa daga salansarsa, wato bututun hayaƙi, ba irin kukan baburan yanzu ba ce. Dum. Dum. Dum. A hankali, da nauyi, kamar takun mai mulki. Kafin ya karyo kwanar lungu an kifar da ruwan randa, an share kwata, an ɗaure awaki, mai abincin da ta bar tukunya a buɗe ta rufe ta da ɗankwalinta.

To, amma daula ba ta tabbata. Malam ya yi ritaya, Bajimi ya yi tari wata safiya ya yi shiru, aka tura shi zaure da niyyar gobe a duba shi. Goben nan ta shekara, ta sake shekara, har kaji suka mai da ƙarƙashinsa ɗakin haihuwa, aka riƙa rataye masa laima da dardumar salla.

Musabbabin yaƙin kuwa zane ne. Wata rana uwargida kuma sarauniyar cikin gida, Hajiya Hansai, ta fito za ta biki cikin sabuwar atamfa da ba ta taɓa ganin ruwa ba, sai kik ɗin Bajimi, wanda ya daɗe bai yi wani aiki ba, ya kama gefen zanen ya keta shi tun daga idon sawu har gwiwa. Ƙarar yagewar nan, in ji masu ruwaya, ita ce tambarin da ya buɗe fagen fama.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya fi tayar wa Malam da hankali.

"Malam, ka ji ni da kyau," in ji ta. "Ranar kasuwa ƙarfen nan zai bar zauren nan. Ko ya fita da kansa yana kuka, ko ya fita guntu-guntu a amalanken Nalado. Ka zaɓa."

Nalado shi ne ɗan gwangwan ɗin unguwar, mai sayen matattun ƙarafa a kan sikeli, mai guduma wadda ba ta san darajar kowa ba. Labari bai wuni ba ya isa kunnensa. Tun daga ranar ya mai da ƙofar gidan hanyarsa. Zai tsaya ya rusuna ya ce, "Baba, barka da hutawa," amma idonsa na can cikin zaure yana auna Bajimi kamar yadda mahauci ke auna sa a kara.

Nan take Malam ya kira majalisar yaƙi. Majalisar mutum ɗaya ce: amininsa Haladu, tsohon direban motar asibiti, Madawakin Turi, Sarkin Riƙe Tocila, wanda bai taɓa rasa ra'ayi a kan komai ba. Suka shimfiɗa buhu, suka jera makamai, sifana da sukundireba da tsumma da tsohon buroshin haƙori, suka kori kaji bayan gajeriyar arangama, sannan suka kwance kafireto, wato ƙoƙon nan da ke gauraya mai da iska ya shayar da inji.

Da suka buɗe cikinsa, sai da Haladu ya yi salati. Zanzaro ya gina birni a ciki har da unguwanni. Tsohon mai ya daskare ya koma kamar maɗi. Jikin ƙoƙon kansa ya tsage daga sama har ƙasa.

"Duba-gari," in ji Haladu, "wannan sai dai addu'a."

Shawarar Haladu ita ce a bi ta gajeriyar hanya. Ya ruga bakin tasha ya dawo da sabon kafireto a kwali, irin na baburan 'yan acaɓa, ɗan ƙarami, fari tas, yana ƙyalli kamar cokalin amarya. Bakinsa bai kai na Bajimi faɗi ba, suka cike giɓin da guntun tiyo da waya. Aka zuba mai. Malam ya tattare babbar riga, ya ɗora ƙafa, ya yi bismilla, ya sauke wa kik nauyin shekarunsa gaba ɗaya.

Bugu ɗaya ya tashi.

"Allahu akbar!" Haladu ya cilla hula sama. "An ci gari! Hau ka fita da shi!"

Amma sadauki bai motsa ba. Ya tsaya, kansa a karkace, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa rasuwa. Domin abin da ke fitowa daga salansar Bajimi shi ne tirrrrr, siririyar murya mai rawa, kamar keken ɗinki a daren salla. Ya miƙa hannu ya kashe.

"Wannan ba muryarsa ba ce."

"Murya? Waƙa zai yi maka? Kai dai ka fita da shi, ka zaga lungu, ka dawo, magana ta mutu!"

"In fita a kan wannan? A Tudun Maƙera? Haladu, yara za su tsai da ni kamar ɗan acaɓa su ce in kai su kasuwa."

Haladu ya roƙa, ya yi magiya, ya haɗa shi da girman furfura. Ina! Malam ya kwance sabon kafireton ya mai da shi kwalinsa, kamar sarkin da ya mayar wa abokan gaba da kyautar raini. Ta haka ne nasara ta zo har zaure ta yi sallama, aka ce da ita maigida ba ya nan.

Washegari rundunar ta ɗaura ɗamara ta nufi Kano, a kujerar baya ta wata motar haya, gwiwa a ƙirji, buhun albasa a kan ƙafa. Suka kutsa kasuwar tsoffin ƙarafa, inda gawarwakin injuna ke jibge tsauni-tsauni, suka bi rumfa-rumfa suna nuna tsagaggen ƙoƙonsu kamar masu cigiyar ɗan'uwa. Wani ya ce rabonsa da ganin irinsa tun yana saurayi. Wani ya kawo musu na janareta ya rantse uwa ɗaya uba ɗaya suke. Wani ya fito da wani ƙato mai bakin tulu, ya ce wannan in aka ɗaura shi babur zai yi magana da jirgin sama. Haladu ya leƙa cikin maƙogwaronsa ya ce wannan zai shanye fansho kafin a kai masallaci. Sai da rana ta karkata, ƙafafu suka yi nauyi, a can ƙarshen wani layi, ƙarƙashin tarin sarƙoƙi, Malam ya hango wani abu baƙi ƙirin ya ɗan leƙo. Ya durƙusa ya tono shi da hannunsa. Ya jera shi da nasa. Tagwaye.

Masu ruwaya sun ce bai yarda an sa shi a but ba. A cinyarsa ya dawo Malumfashi, naɗe a cikin hula.

Ana gobe kasuwa aka shiga yaƙi na sosai. Aka wanke ganimar da fetur a cikin tasar da Hajiya ke kwaɓa fura, laifin da aka binne shi da toka da sabulu kafin ya kai kunnen hukuma. Aka zare zare ɗaya daga wayar lantarki aka soka a ƴar hudar da mai ke bi, Malam ya kafa baki ya busa har idonsa ya yi ja, ya haɗiye abin da ya haɗiye. Aka ɗaura. Aka buga. Aka sake bugawa. A wani bugun da babu wanda ya lissafa, Bajimi ya yi atishawa, ya yi tsawa, ya feso baƙin hayaƙi da ya mai da farar rigar Haladu ta makoki, sannan ya kama.

Muryar ta dawo, mai kauri, daga can cikin ƙirji. Sai dai ba ta da taku. Ta yi sukuwa, ta yi tuntuɓe, ta yi kamar za ta mutu, ta zabura, ta mutu.

A jikin kafireto akwai ƴan sukuru biyu, ƙanana kamar ƙwayar wake, amma a hannunsu mulkin yake. Ɗaya na silo, shi ke riƙe numfashin inji in yana tsaye. Ɗaya na iska. Malam ya tsuguna gabansu da sukundireba kamar mai neman fatawa. Ya juya ciki, Bajimi ya haukace. Ya juya waje, Bajimi ya suma. Aka ciro fulogi aka ga ya yi baƙi, aka ce mai ya yi yawa. Aka rage, aka ciro aka ga ya yi fari fat, aka ce yunwa ce. Haladu na ihu, "Ƙara! Rage! A'a, ƙara!" har muryarsa ta dushe, la'asar ta yi, babu abin da ya daidaita.

Sai Malam ya ajiye sukundireba, ya zauna dirshan a ƙasa.

"Haladu, ni fa ban taɓa saita shi da ka ba."

"Da me kake saita shi?"

"Da dakan Hajiya."

Ashe tun suna ango da amarya, kullum da safe in ta fito da turmi za ta daka geron fura, shi kuma sai ya jawo Bajimi tsakar gida ya tayar, ya riƙa juya sukurun silo a hankali har bugun inji ya hau kan bugun taɓarya, su tafi tare. In sun haɗu, to ya zauna ke nan, ko Katsina za a je ba zai yi tari ba. Kunnensa bai san wani ma'auni ba sai wannan. Ga shi kuwa tun da injin niƙa ya shigo unguwa aka kife turmin a bayan ɗaki, ya zama kujerar alwala.

Haladu ya ce ai daka ba wahayi ba ne. Da yake Hajiya ta tafi barkar haihuwa, sai suka mirgino turmin, Madawaki ya ɗaure rigarsa a ƙugu, ya ɗauki taɓarya kamar mashi, ya hau dukan turmi kamar ya ga maciji a ciki. Malam ya bi shi da sukundireba, Bajimi ya bi Malam, su uku suka rikice, har taɓarya ta goci bakin turmi ta sauka a kan babban ɗan yatsan Haladu. Wannan shi ne jinin farko da aka zubar a yaƙin, kuma Madawaki ya sanar da shi ga unguwa baki ɗaya.

Ba sauran dabara. Makamin da zai ceci Bajimi yana hannun wadda ta yanke masa hukunci.

Ranar kasuwa ta waye. Tun da hantsi Nalado ya kafa sansani a ƙofar gida, amalanke a gefe, sikeli a rataye, guduma a kafaɗa, yana cin gyaɗa cikin natsuwar wanda ya san abincinsa ya nuna. Malam ya sa hula, ya gyara wuyan riga, ya shiga cikin gida da kansa a matsayin jakada. Ya sami Hajiya a ƙofar ɗaki tana tsince wake a faifai.

"Hajiya, barka da hantsi."

"Barka kadai, Malam. Nalado ya iso?"

"Yana waje." Ya yi gyaran murya. "Wata ƴar alfarma ce. Daka nake so ki yi mini."

"Daka? Injin niƙan ne ya lalace?"

"Ba don gari ba. Don shi."

Ta ɗago kai. Sadaukin da ya taɓa rufe mahauta guda da kalma ɗaya ya tsaya yana murza gefen riga, ya yi bayani tun daga farko, yana kallon faifan wake. Yana gamawa ya jiyo ƙarar gyaɗar Nalado daga waje.

"Wato ni da nake so a fitar da shi, ni zan yi masa kiɗa." Ta ajiye faifan. "Tsaya ma tukuna. Duk shekarun nan da kake tsugunawa da safe kana leƙena ina daka, ni ina cewa ni kake kallo, har ina gyara ɗauri, ashe babur kake saitawa?"

"Duka biyun ne, Hansai."

A nan masu ruwaya suka saɓa. Wasu sun ce ta yi tsaki. Wasu sun ce ta kau da kai ne don kada a ga bakinta. Abin da aka haɗu a kai shi ne ta miƙe, ta sake ɗaurin zane, ta ce, "Ni ba na dakan turmi wayam kamar wasu. A ɗebo gero."

Aka kafa turmi a bakin zaure ta ciki. Haladu ya ɗingiso ya riƙe totur. Malam ya buga kik, Bajimi ya tashi da haukansa. Hajiya ta tofa a tafin hannu, ta ɗaga taɓarya, kafaɗarta ta yi ƙara irin ta ƙyauren da ya daɗe a rufe.

Dum.

Na farko ya zo da nauyi. Na biyu ya makara. A na uku ta ce, "Wash, bayana." Amma hannu bai manta ba. Kaɗan-kaɗan bugun ya miƙe, ya sami gindin zama, dum, dum, dum, ƙasan zauren na amsawa. Malam ya rufe ido, kunne ɗaya ga turmi, ɗaya ga inji, yatsu biyu a kan sukundireba. Ya juya kaɗan. Bajimi ya rage gudu. Ya ƙara ɗan abin da bai kai a kira shi juyi ba. Ya taɓa na iska. Inji na gaba, taɓarya na baya. Taɓarya na gaba, inji na baya. Kamar mutum biyu da suka yi faɗa suna tafiya a hanya ɗaya kowa na satar kallon ɗan'uwansa. Sai ga shi, ba wanda ya san lokacin da abin ya faru, zauren ya zama murya ɗaya.

Dum. Dum. Dum.

Haladu ya saki totur. Bajimi bai mutu ba. Hajiya kuwa, da ta ji an biyo ta, sai ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ta ci gaba ba tare da ta ɓata bugu ko ɗaya ba.

"Hau!" in ji Haladu da ragowar muryarsa. "Hau, na Hansai! Yau ranarka ce!"

Sadauki ya hau. Ya danne hula. Ya sa giya, ya saki kuloci, ya fuskanci hasken ƙofa kamar barden da ya hango tutar abokan gaba. Tayar gaba ta tsallake dokin ƙofa, ta taka ƙasar Tudun Maƙera, sai ji aka yi ƙaram!

Ƙofar da Bajimi ya shiga ta cikinta shekarun baya ta katako ce mai faɗi. Ana cikin barcinsa ɗan Malam ya aiko aka sa ta ƙarfe matsattsiya, kuma Malam da kansa ya tsaya a kan aikin yana ba magina umarni. Hannun Bajimi na dama ya daki bango, na hagu ya maƙale a jikin ƙyaure. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Kai a waje, gindi a ciki, jarumi a tsakiya gwiwoyinsa a matse, inji na ta bugawa cikin cikakkiyar lafiya.

Nalado ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa, ya sauke guduma daga kafaɗa, ya matso. Ya leƙa ta saman hular Malam.

"Mama, kin dai gani da idonki, bai fita ba. In fara ta kai ne, ko in zagayo?"

Malam ya ƙara damƙe hannuwan babur, ya sunkuyar da kai. Hajiya na tsaye a bayansa da taɓarya, tana haki, gumi na bin wuyanta. Ta dubi baƙin tankin, ta dubi ƙeyar tsohon, ta dubi ƙofar.

"Nalado, gudumar nan taka tana cire ƙyaure?"

"Tana cirewa, Mama, amma ai ni..."

"To cire. Kuma ka kuskura ka goge masa fenti, ni da kai ne."

Haka maƙiyi ya zama mai share hanya. Da bugun guduma ƙyaure ya faɗi, Bajimi ya kuɓuce kamar an tsinke masa igiya, ya fita fili da kansa, yana kuka da muryarsa ta gado, babbar rigar Malam ta buɗe a iska kamar tuta, Haladu na bin sa da ɗingishi yana kirari. A daidai wannan lokaci mai albarka ne sadauki ya taka birki, ya kuma tuna cewa a duk tsawon yaƙin nan majalisa ba ta taɓa zama a kan birki ba.

Iyakar ƙasar da aka ci da yaƙi a wannan rana ita ce faɗin lungu, wanda akuya ke tsallakewa ba tare da ta ɗaga kai ba. A ɗaya gefen akwai tarin harawar maƙwabci. Bajimi ya cusa kai a ciki har wuya ya tsaya, yana ci gaba da dum, dum, dum, ko gezau.

Nalado ya juya amalankensa wayam ya tafi yana magana shi kaɗai. Haladu da Malam suka jawo Bajimi da baya, suka turo shi zuwa gida. A bakin zauren da ba shi da ƙyaure suka tarar da Hajiya ta fito tarye. Ta ɗan rusuna, ta sassauta murya.

"Malam, sannu da zuwa. Ya hanya?"

Sadauki ya cire ganyen harawa daga kunnensa, ya duba shi, ya yar.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Hanya ta yi kyau. Sai dai nisa."